Laifin Ɗaki Ne, Ba Na Lasifika Ba

Sau da yawa mu kan ga ma'aikaci ya tara albashinsa ya sayi lasifika mai tsada, ya kai gida, sai ya ji ganga tana ruri, muryar mai karanta labarai kuwa ta cuɗe. Nan take ya ɗora wa mai kanti laifi. Mu dai a ganinmu ɗakin ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ya bugi bangon siminti ya komo, har ɗaki mai tsawon mita 4 ya kan kumbura amo mai kaɗawa 43 a daƙiƙa.

Yanzu akwai dabara irin ta Audyssey da Dirac, watau a ajiye makirufo inda mutum ya ke zama, na'ura ta auna ɗakin, ta rage amon da ya yi yawa. Madalla. Amma inda amo ya kashe ɗan'uwansa ba ta iya cike gurbin. Ƙarin ƙarfi wahalar da lasifika ne kurum.

Sabo da haka a fara da abin da ke hannu. A 1895 da matasan kujeru Wallace Sabine ya soma binciken amsa-kuwwar ɗakin lacca a Jami'ar Harvard ta Amurka. A shimfiɗa darduma, a rataya labule, a janye lasifika daga kusurwa, sa'an nan a kawo makirufo.