Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan wata za mu tattauna batun jinin da ake ƙara wa marasa lafiya, domin yawancinmu ba mu tunawa da shi sai dare ya raba, likita ya ce a nemo leda biyu.

To, daga ina jinin yake fitowa? Babu masana'antar da ke yin sa, daga jikin ɗan Adam kaɗai ake samu. A nan Gana akwai Hukumar Jini ta Ƙasa, wadda dokar Majalisa ta 2020 ta tsayar da ita da ƙafafunta. Tana da manyan cibiyoyi uku: ta kudu a Korle Bu nan Ankara, ta tsakiya a Kumasi, ta arewa a Tamale. Su ke tarawa, su gwada, su adana, sannan su raba wa asibitoci. A 2019 kuma kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara da ƙananan jirage marasa matuƙi daga Omenako.

Kowace leda sai an duba ta saboda ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, wato B da C, da tunjere. Sai a tantance rukuninta, ko A, ko B, ko AB, ko O, a kuma gwada ta da jinin mara lafiya kafin a ɗaura. Wannan aiki yana cin lokaci. Shi ya sa jinin da ɗan'uwa ya bayar yau galibi ba shi ake ƙara wa majinyacinsa ba, gurbi ne yake cikewa. Wanda ya ceci mai haihuwa a Maamobi, wani bawan Allah ne da ya bayar tun kwanakin baya. Kuɗin da ake biya kuwa na leda ne da gwaji da ajiya.

A nan gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na bukatar aƙalla leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara, mu kuwa ba mu kai ba. Mafi yawan jininmu ma daga dangi yake fitowa bayan ciwo ya kama. Idan dangi suka gaza, sai a koma ga masu sayar da jininsu a ɓoye, alhali mai neman kuɗi ba lallai ya faɗi gaskiyar lafiyarsa ba. Ga shi jinin ba ya wuce mako biyar zuwa shida a firji. Masu shan wahala su ne matanmu masu zubar jini wajen haihuwa, da yaran da zazzaɓin sauro ya shanye wa jini, da masu sikila, da samarinmu masu faɗuwa a babur.

Wasu na tsoron ƙarfinsu zai ƙare. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Mai shekara 17 zuwa 60, mai nauyin kilo 50 ko fiye, in yana da lafiya, zai iya bayarwa.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasan Nima da Maamobi su gayyato ma'aikatan hukumar su kafa rumfa bayan sallar Juma'a. Ranar 14 ga Yuni ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, sai mu fara shiri tun yanzu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai wata mai zuwa.