Wariyar launin fata a Arewacin Afirka

Wariyar launin fata a Arewacin Afirka matsala ce da ke addabar baƙaƙen fata 'yan ƙasa da baƙi, har da 'yan ci-ranin da ke tsallaka iyakar Maigatari a jihar Jigawa, su bi ta Damagaram da Agadas zuwa Libiya. A watan Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna ana gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, abin da ya jawo zanga-zanga a Faris. Tunisiya ta haramta wariyar a 2018, amma a 2024 aka tsare Saadia Mosbah, shugabar ƙungiyar Mnemty, wadda ta yi fafutukar kafa dokar. Wannan ya nuna cewa doka kaɗai ba ta isa ba, matuƙar masu kare ta ba su tsira ba.