FILIN MATA: Kada Mu Zaunar da Tsofaffinmu

Yau zancenmu a kan tsofaffin gida ne, watau iyayenmu da kakanninmu. Ina roƙon kowace ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Uwargida, duba tsakar gidanki. Ina tsohuwa take? Na san amsa: tana kan tabarma a inuwa, tun hantsi har la'asar. In ta miƙe za ta ɗauko buta, sai ki ce, "Zauna, Inna, bari a kawo miki." In ta ɗauki tsintsiya, sai a ƙwace. Mu a ganinmu ladabi ke nan, kuma lalle niyyarmu kyakkyawa ce. Amma fa akwai cuta a ciki wadda ba mu lura da ita ba.

Ni ma ban lura ba sai da abin ya zo gidanmu. Daminar bara kakata ta zame a bakin makewayi, ta faɗi. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, targaɗe ne kurum. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa komai ba. Ta kasa. Ya dube mu ya ce, "Wa ya hana ta aiki?" Muka yi shiru, don mu ne.

Ku tuna yadda waɗannan tsofaffi suka tashi. A zamaninsu mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga. Daura kuwa garin rijiya ne tun fil azal, ga Kusugu nan shaida. Matan ƙauyukan Sandamu da Zango da Ɓaure da ƙafa suke cin kasuwa, da kaya a ka. Yanzu inji ya karɓi niƙa, famfo ya karɓi guga, babur da Keke Napep sun karɓi tafiya. Sauƙi ne, mun gode Allah. Amma jikin da ya saba da motsi, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa kamar fartanyar da aka manta a bayan rumbu.

Ga yadda abin yake. In mutum ya manyanta, naman jikinsa yana raguwa, musamman na cinya da na ƙwauri, kuma zama yana gaggauta raguwar. Abubuwa uku ke tsai da mutum daidai: ido, da wani sashi na can cikin kunne, da jin da tafin ƙafa ke yi na ƙasa. Duk ukun suna rauni da tsufa. Mu mata kuma ƙashinmu yana yin sakayau bayan al'ada ta ɗauke, shi ya sa ƙaramar faɗuwa kan karya ƙugun tsohuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kamar 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. A shekarar 2020 hukumar ta ba da shawara cewa mai shekara 65 ko fiye ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar, ya kuma yi aikin ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye a mako.

To, a ƙasashen waje an sami wata dabara mai ban mamaki. A shekarar 2006 wani kamfanin Japan mai suna Nintendo ya fitar da na'urar wasa da ake kira Wii. Ana haɗa ta da talabijin. Maimakon mutum ya zauna yana danna maɓalli da yatsa, sai ya riƙe wata 'yar sanda a hannu. A cikinta akwai abin da ke jin motsi. In ka kaɗa hannu, ɗan mutumin da ke cikin talabijin shi ma ya kaɗa. In ka yi jifa, ya yi jifa. A 2007 suka ƙaro wani faifai da ake takawa, mai ma'auni a kusurwoyinsa huɗu, wanda ke gane ko ka karkata dama ko hagu. A 2010 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da tasa, Kinect, mai ido irin na kyamara, tana ganin jiki duka ba sai an riƙe komai ba. An daina ƙera waɗannan biyu yanzu, amma irinsu na nan, kamar Nintendo Switch da ta fito a 2017.

Don nishaɗi aka yi su, sai ga shi tsofaffi sun karɓe. A gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Ingila har gasa aka riƙa shiryawa. Likitoci masu gyaran gaɓoɓi suka gwada, suka ga wasan yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa. Babban amfaninsa kuwa shi ne ba ya gundura, don mutum yana ganin makinsa, gobe yana so ya wuce na yau.

Na gani da idona. Da hutun Sallar Gani wani ɗan kawuna ya zo daga Kano da tsohuwar Wii da ya saya ta hannu. Yara suka cika ɗaki. Kakata ta leƙo ta ce, "Wannan wane irin shashanci ne, mutum yana dambe da iska?" Na ce, "Inna, zo ki gwada, ko tsoro kike ji in kā da ke?" Ta ce, "Ke, kishiya, ni za ki kayar? Ba ni sandar nan." Ta yi jifa uku, na huɗu ya shiga. Ranar nan ta yi kusan rabin awa a tsaye tana dariya, ita da ba ta minti biyar ba ta nemi wurin zama ba.

Kada wata ta ce malama ta ce a sayar da akuya a sayo na'ura. Ban ce ba. Abin da tsada, yana bukatar talabijin da wuta, wuta kuwa kun san halinta. Da ɗan kawuna ya koma ya tafi da abinsa. Amma na zauna na yi tunani: me ya tsai da Inna? Ba na'urar ba ce kaɗai. Abu uku ne: wasa, da ƙirga maki, da jikoki kewaye da ita. Waɗannan kuwa kowane gida akwai su, ba a sayen su a kasuwar Mai'aduwa.

Ga abin da muke yi yanzu, ku ma ku gwada. Da safe, kafin rana ta yi zafi, ta zauna kan kujera mai ƙarfi, ta tashi, ta zauna, muna ƙirgawa. Da fari sau uku ta iya, da dafawa. Yanzu tana yin goma hannunta a ƙirji. Sa'an nan ta dafa bango ta ɗaga ƙafa ɗaya, mu ƙirga, ta sake ɗaya. Sa'an nan mu ja layi a ƙasa ta bi shi, diddige na taɓa yatsu, ɗaya daga cikinmu na gefenta. Daga ƙarshe mu ajiye kwando, a yi gasar jefa ƙwallon goriba a ciki, ita da yara. Ƙanwata 'yar aji biyar ita ke rubuta maki a bayan littafinta. Kuma mun mayar mata da tsintsiyarta da faifanta na tankaɗe. Da yamma a raka ta gaishe da maƙwabta da ƙafa.

Amma a yi hattara. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko mai yawan jiri, a fara kai ta asibiti a ji ta bakin likita. A fara kaɗan kaɗan. In ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi mata wuya, ko kanta na juyawa, a tsaya nan take. Kada a bar ta ita kaɗai. A share tsakar gida, a kawar da igiya da turmi daga hanya, a gyara santsin makewayi, a ajiye mata fitila kusa da dare. Ta sha ruwa, musamman da bazara.

Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne. Kakarku ta goya uwarku, ta goya ku. Minti goma kafin ku tafi makaranta ba zai hana ku komai ba. Ku ja ta da wasa, don tsakanin kaka da jika ba a rasa tsokana, kuma abin da za ta ƙi ji daga bakin suruka za ta karɓa daga bakinku.

Makon jiya na ga Inna ta yi sallar la'asar a tsaye, ta yi ruku'u da sujada, ta miƙe da kanta. Rabonta da haka tun kafin ta faɗi. Motsi ya fi laɓewa, in ji masu iya magana. Wadda ta gwada a gidanta ta rubuto mini yadda ta kaya, in Allah ya so za mu buga a wannan fili.