Azzalumin da Ya Mutu Ba a Hukunta Shi Ba: Me Mulhidi Zai Ce?

Ranar 7 ga Fabrairu, 1979, wani dattijo ɗan shekara 67 yana iyo a bakin tekun Bertioga na ƙasar Barazil, sai shanyewar jiki ta same shi, ruwa ya ci shi. Aka binne shi da sunan Wolfgang Gerhard. Sai a 1985 aka tono kabarin, sannan a 1992 gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa ƙasusuwan na Josef Mengele ne, wato likitan nan na sansanin Auschwitz wanda tun daga 1943 yake zaɓar Yahudawan da za a tura ɗakin iskar guba, yake kuma yin gwaje-gwaje na rashin imani a kan yara tagwaye. Ya yi shekara 34 a duniya bayan wannan ta'asa, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Ga wanda ya yi imani da ranar sakamako, labarin bai ƙare a bakin teku ba, domin akwai hisabi a gaba. To amma mulhidi fa, wato mutumin da bai yarda da samuwar Allah ko tashin ƙiyama ba? Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa irin wannan mutum ba shi da bakin da zai kira abin da Mengele ya yi zalunci. Wannan zato ya haɗa tambayoyi biyu wuri guda: daga ina sanin zalunci yake fitowa, kuma wane ne zai biya wanda aka zalunta?

A kan ta farko, mulhidai suna da abin faɗa mai yawa. Tun a 1871 Charles Darwin ya kawo ra'ayin cewa tausayi da jin kunyar aikata mugunta sun tsiro ne daga zaman tare, domin al'ummar da 'ya'yanta ke taimakon juna ita ce ta fi wanzuwa. A 2003 Sarah Brosnan da Frans de Waal suka wallafa wani bincike da suka yi a Amurka a kan wasu ƙananan birai. Biri zai miƙa tsakuwa a ba shi yankan kokwamba, ya karɓa ya ci. Amma da zarar ya ga an ba maƙwabcinsa inabi a kan wannan aiki dai, sai ya ƙi karɓa, wani lokaci har ya yi jifa da ita. Masana sun yi ta muhawara a kan ko birin rashin adalci ya gani ko kuwa kwaɗayin inabi ne kurum ya motsa shi. A kan ɗan Adam kuwa shakkar kaɗan ce. A wani gwaji da Werner Güth da abokan aikinsa suka ƙago a Jamus a 1982, akan ba mutum kuɗi ya raba da wani, da sharaɗin in na biyun ya ƙi rabon, duka su yi asara. Mutane da yawa sukan ƙi ɗan abin da aka yaga musu, sun gwammace su tashi a tutar babu da su bar mai son zuciya ya ci riba.

Sai dai a lura, waɗannan gwaje-gwaje sun nuna yadda ƙin zalunci ya zauna a zuciya ne kawai. Ba su nuna dalilin da ya sa ya wajaba a bi wannan ƙi ba, musamman a wurin da babu mai gani. Masu falsafa daga cikin mulhidai sukan amsa da cewa azabar da yaron Auschwitz ya sha ita kanta ta isa hujja, ba ta jiran wani ya sa mata hannu. Mai imani kuma zai ce hankalin da ya gane haka, ai halittarsa aka yi a kan gane shi. Ma'aunin ɗakin gwaji ba ya raba wannan gardama, kuma duk malamin da ya gaya wa ɗalibansa cewa ya raba ta, ya ɗora wa kimiyya kayan da ba nata ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Immanuel Kant, a littafinsa na 1788, ya ga cewa tun da nagarta da jin daɗi ba sa daidaita a duniya, dole hankali ya ƙaddara samuwar Allah da wata rayuwa bayan mutuwa. Mulhidi mai gaskiya ba ya ƙaryata wannan giɓi. Cewa yake yi Mengele ya tsira, yaran ba za a taɓa biyansu ba, kuma son a ce an biya su ba ya zama shaidar cewa za a biya. Yakan kuma kawo binciken Melvin Lerner da Carolyn Simmons na 1966, inda aka nuna wa ɗalibai mata wata budurwa da ake yi kamar ana jona mata lantarki. Da suka ga ba su da ikon ceto ta, sai suka fara raina halinta, kamar ita ta ja wa kanta. Wato zuciya ba ta jure ganin zalunci ba sakayya, har takan ɗora laifin a kan wanda aka cuta don ta sami sauƙi. Wannan gargaɗi ne mai amfani, amma bai taɓa mai imani da lahira yadda ake zato ba, tun da shi bai ce a nan duniya ake kammala lissafi ba.

Abin da ya rage wa mulhidi shi ne kotun duniya, da adana shaida, da hana maimaitawa, kuma a nan shi da mai imani aiki ɗaya suke yi. A shekarar da Mengele ya mutu, majalisar Jamus ta Yamma ta soke wa'adin da bayansa ba a iya tuhumar mai kisan kai. Wannan ci gaba ne na gaske, amma bai isa ya share hawayen uwar da aka kashe wa ɗa ba, kuma mulhidin da ya ce ya isa yana yaudarar kansa ne.

A watan Fabrairu na 1985, waɗanda suka tsira daga hannun Mengele, har da tagwayen da suka girma, sun taru a birnin Ƙudus suka ba da shaida ɗaya bayan ɗaya a wani zaman shari'a na kwaikwayo, suna kiran duniya ta nemo shi. Babu wanda ya sani a cikinsu cewa ya shekara shida a ƙasa.