Aikin jinya: Najeriya na horarwa, ƙasashen waje na cin moriya

Yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta fara ranar 30 ga Yulin 2025 bai kai mako guda ba aka dakatar da shi, amma ya tado da tsohuwar tambaya: mene ne aikin jinya, kuma wane matsayi Najeriya ta ajiye shi?

Sana'ar tana da dogon tarihi. A zamanin Manzon Allah (SAW), Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, ciki har da Sa'ad bin Mu'azu bayan Yaƙin Khandaƙ. Jinyar zamani kuwa ana danganta ta da Florence Nightingale, wadda ta kula da sojojin Birtaniya a Yaƙin Kirimiya, sannan ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860. Saboda ranar haihuwarta ce ake bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya a kowace 12 ga Mayu.

A ma'anar da masaniyar jinya Virginia Henderson ta bayar, aikin nas shi ne taimaka wa mutum, mai lafiya ko majinyaci, ya yi abin da zai yi wa kansa da a ce yana da ƙarfi da niyya da sani, har ya daina dogaro da wani. Ke nan manufar ta zarce yin allura da wanke ciwo: ta haɗa da rigakafi, wayar da kai da sauƙaƙa wa mai jinya raɗaɗi. Likita yakan duba ya wuce, nas ce ke kwana da majinyaci.

A Najeriya, an haɗe hukumar jinya da ta ungozoma a 1979 aka samar da hukumar NMCN, mai yi wa ma'aikatan rajista da sa ido kan horonsu. Ita ce ta bayyana a farkon 2024 cewa sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Najeriya ta horar, Ingila da Amurka da Saudiyya su ɗauka.

Matakin da hukumar ta ɗauka a lokacin shi ne gindaya sharaɗin yin aikin shekara biyu kafin a tantance takardun mai son fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Sai dai rufe ƙofa ba ya magance abin da ke korar mutum daga ɗaki. Buƙatun 'yan yajin aikin sun nuna inda gizo ke saƙar: ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa da na kayan sawa, tsarin albashi na musamman, da ɗaukar sababbin ma'aikata.

Wanda zai fi ɗanɗana kuɗar lamarin shi ne ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda asibitin gwamnati ne madogararsu, musamman a Arewa inda mace-macen mata wajen haihuwa suka fi yawa. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma har yanzu gwamnatin tarayya ba ta kai wannan mizani ba. Muddin ba a gyara albashi da yanayin aiki ba, makarantun jinyar ƙasar za su ci gaba da yaye ɗalibai domin asibitocin wasu.