Kada a tsare wa hasumiyar Agadez fuska

Jama'a, ba a ɓata a lungunan tsohon garin Agadez. Ɗaga kai kawai, ga hasumiyar babban masallaci tsaye, mita 27 na zallar ƙasa, tana tsukewa sama, itatuwan da magina ke takawa lokacin yaɓe sun leƙo ta kowace fuska. A 1515 aka gina ta, aka sabunta ta a 1844. Ni a ganina, rabin kwarjininta daga maƙwabta yake: gajerun gidajen laka masu launinta, waɗanda suka bar mata sararin sama. UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2013, madalla, amma sai hukuma ta tsaya tsayin daka, ta hana kowa dasa benen siminti a gefenta.