Raddi ga masu cewa McCain bai san biyayyar jam'iyya ba

Tun mutuwar Sanata John McCain a watan Agustan 2018, wata magana ta zauna daram a bakin masu sharhi kan siyasar Amurka: wai mutumin ɗan gaban kansa ne, jam'iyyarsa ta Rifablikan ba ta taɓa iya sa masa linzami ba. Majalisar Dattawan Amurka kuwa, saɓanin tamu da ake yawan yanke hukunci da ƙarfin ihun "eh" da "a'a", takan kira sunan kowane sanata a manyan ƙudurori, ta rubuta abin da ya zaɓa. Ba sai an yi dogon musu ba ke nan, kundin yana nan.

Babbar hujjarsu ita ce daren 28 ga Yulin 2017. Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, McCain ya tako gaban zauren da tabon tiyata a saman idonsa na hagu, ya miƙa hannun dama, ya ɗan dakata, sannan ya karkatar da babban yatsansa ƙasa, shugaban masu rinjaye Mitch McConnell na tsaye ya harɗe hannuwa yana kallo. Yunƙurin rushe dokar inshorar lafiya ta Obama ya faɗi da ƙuri'a 49 da 51. Wannan ya faru, ba mai ja. Amma me ya sa ake yanke labarin a nan? Kwana uku kafin haka, shi ne ya taso daga jinya a Arizona ya ba da ƙuri'ar da ta kai lissafi 50 da 50, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Mike Pence ya raba gardama aka buɗe muhawarar. Sanatocin Rifablikan Lisa Murkowski da Susan Collins sun ƙi tun ranar farko, amma ba su ake yi wa kirari ba. Mafi nauyi, a ranar 2 ga Disamba na shekarar, McCain ya amince da dokar rage haraji ta Trump, wadda ta wuce da 51 da 49. A cikinta aka soke tarar da ake ɗora wa wanda bai sayi inshora ba, wato ainihin ginshiƙin abin da ya ƙi a Yuli. Ya ce ya ƙi na Yuli ne saboda an tsallake kwamitoci an yi gaggawa. To na Disamba da gyare-gyaren da aka rubuta da hannu a gefen takarda aka kawo shi zaure cikin dare.

Sai su ce: ai ya bijire wa Shugaba Bush kan rage haraji. Haka ne. A 2001 shi da Lincoln Chafee kaɗai ne 'yan Rifablikan a Majalisar Dattawa da suka ƙi, yana cewa masu kuɗi aka fifita, ya kuma sake ƙi a 2003. Sai dai a tuna shekara guda ce kacal da Bush ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani mai ɗaci. Da 2006 ta zo, yana shirin sake neman tikiti, sai ya amince a tsawaita wani ɓangare na ragin da ya soka. Ban ce na san abin da ke zuciyarsa ba, amma kwanan watan ƙuri'un yana magana da kansa.

Batun baƙin haure ya fi fito da wannan ɗabi'a fili. Shi da Sanata Ted Kennedy suka jagoranci ƙudurin bai wa miliyoyin marasa takardu hanyar zama 'yan ƙasa, Majalisar Dattawa ta amince da irinsa a 2006. A Janairun 2008, a muhawarar 'yan takara, da aka tambaye shi ko zai zaɓi ƙudurin nasa, ya ce a'a. A 2010, da J.D. Hayworth ya taso masa a gida a zaɓen fid da gwani, ya yi tallar neman a kammala katangar iyaka da Meziko, a Disamba kuma ya ƙi ƙudurin da zai kare yaran da aka shigo da su tun suna ƙanana, alhali a da yana cikin masu ɗaukar nauyinsa. Ƙudurin ya tsaya a ƙuri'a 55, ana buƙatar 60. A 2013, kujera ta tabbata, sai ga shi cikin sanatoci takwas da suka sake haɗa sabon ƙuduri, ya wuce da 68 da 32. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shi kuwa Larabarsa kullum kalandar zaɓe ce.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce azabtar da fursunoni, kuma a nan adalci ya wajaba. Mutumin da ya shafe shekara biyar da rabi a hannun Biyetnam ta Arewa, ya fito ba ya iya ɗaga hannuwansa sama da kafaɗa, ya tsaya tsayin daka a 2005 duk da adawar Mataimakin Shugaban Ƙasa Dick Cheney, gyaransa na hana azabtarwa ya samu 90 da 9. Wannan nasa ne, ba mai ƙwace masa. Duk da haka a 2006 ya amince da dokar kotunan soja da ta hana fursunonin Gwantanamo ƙalubalantar tsarewarsu a kotun farar hula, sashen da Kotun Ƙoli ta rushe a 2008. A Fabrairun 2008 kuma ya ƙi ƙudurin da zai tilasta wa CIA bin ƙa'idojin tambaya na soja. Sai a 2015 ya dawo ya haɗa kai da Sanata Dianne Feinstein suka kafa wannan ƙa'ida.

Akwai kuma abin da masu yabon ba sa kawowa sam. Ya zaɓi yaƙin Iraƙi a Oktoban 2002, ya zama cikin manyan masu kiran a ƙara sojoji, sai a shekararsa ta ƙarshe ya amsa cewa kuskure ne. Ya ƙi dokar lafiya ta Obama tun 2009. Ya ƙi Sonia Sotomayor da Elena Kagan a Kotun Ƙoli, a Afrilun 2017 kuma ya bi jam'iyyarsa aka sauya dokar zaure don a tabbatar da Neil Gorsuch a kotun da rinjaye mai sauƙi, bayan shi da bakinsa ya ce sauyin zai cutar da majalisar.